Motar da Ta Hana Ni Sunkuyar da Kai

Mutane kan tambaye ni abin da ya fi ba ni wahala a Doha, suna jira in ce zafi. Zafi kam akwai shi, irin wanda idan ka buɗe ƙofa kake jin kamar ka leƙa gidan burodi. Amma ba shi ne ya kusa koro ni Kaduna hannu rabbana ba. Wuyana ne, shi da wata 'yar kyamara da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Sai na ɗan faɗi gidan da na fito kafin a gane. Sunana Nasiru, ɗan Unguwar Kanawa, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ofis ya yi har ritaya. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan yana nemana, "ina wannan yaron" yake cewa, kowa kuma ya san wa ake nufi. Mahaifiyata ta rasu ina ƙananan azuzuwan firamare, hotonta ɗaya da muke da shi ruwan damina ya taɓa shi ya ɓata fuskar. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ɗaga kai Baba yana magana ba. Ƙafafunsa na sani sarai, da farcen babban yatsansa na hagu da ya tsage, da silifas ɗin alwalarsa. Fuskarsa daga nesa na san ta, ko ta gefe idan ya juya yana magana da wani.

Ranar da na sauka Doha na buɗe waya na tarar da saƙon muryarsa. Ƙanwata Hauwa ce ke riƙe masa wayar idan zai yi. Ya ce: "Kai wannan yaron, ka riƙe salla, ka riƙe amana. Sannan ina ganin yaran da ke dawowa daga waje, babba yana magana suna kallonsa ido cikin ido kamar sa'ansu. Kada ka kawo min wannan gidana." Iyakar saƙon ke nan, ko sallamar ƙarshe babu.

Zangona na farko bai yi daɗi ba. Ejan ɗin da ya yi min hanya ya ce aikin gyaran motocin lantarki ne, tunda lantarki na karanta, kuma za a zo filin jirgi a ɗauke ni. Na zauna a kan jakata har waɗanda muka sauko tare suka watse, wasu jiragen suka sauka su ma mutanensu suka watse. Lambar da ya ba ni a kashe. Da na bi adireshin kamfanin zuwa unguwar masana'antu, shagon tsofaffin tayoyi na tarar, mai shagon bai taɓa jin sunan ba. Bizar ta gaskiya ce, kamfanin ne babu shi sai a takarda. Na tsaya a bakin shagon nan ina dariya ni kaɗai, don na rasa abin da ya kamata in yi. Wani ladan ɗan Bangaladash ne ya bar ni ina ajiye jaka a bayan masallacinsu, yana raba shinkafarsa biyu yana turo min rabi, ba ya jin maganata ba na jin tasa.

A shagon shayi Allah ya haɗa ni da Bitrus. Ina waya da Hauwa ina shirga mata ƙarya cewa har an ba ni ɗaki mai esi, sai na ji an ce a bayana, "Mutumin Kaduna, ka ji tsoron Allah, wane ɗaki?" Na juya na ga wani gajere mai faɗin kafaɗa sanye da rigar direbobi yana murmushi. Ɗan Unguwar Shanu ne, iyayensa mutanen kudancin Kaduna, babansa malamin makaranta. Ya ce daga jin Hausata ya san ƙasa da gadar Kawo na fito. A ranar ya kwashe ni zuwa ɗakinsu mai gadaje hawa-hawa, ya sauke akwatunansa daga gadon sama ya ce in hau. Shi Kirista ne, amma shi ke zungurina da asuba yana cewa, "Malam, tashi, kada babanka ya ce ni na lalata ka." Yana da kuka da daddawa a ƙulle cikin leda, ran Juma'a yake buɗe su. Ranar da na fara cin miyar kukar Bitrus sai da na juya wa mutane baya don kada su ga hawayena.

Shi ya kai ni kamfaninsu, ya tsaya min har aka mayar da bizata hannunsu, na shiga makarantar tuƙi na karɓi lasin ɗin ƙasar. Aikin kamfanin shi ne ɗaukar marasa lafiya daga gida zuwa asibiti a dawo da su, yawanci tsofaffi masu zuwa wankin ƙoda. Aka ce za a gwada ni na wasu watanni. Idan na tsallake, aiki ya zauna. Idan ban tsallake ba, biza ta tafi tare da aikin, sai gida.

Motocinsu duk na lantarki ne. Ni da na saba da motar Baba wadda sai ka lallashe ta da totur kafin ta yarda ta tashi, ranar farko na zauna ina jiran ƙarar inji, Bitrus yana gefe yana ƙyaƙyata dariya. Ya ce, "Ta tashi tun ɗazu, kai take jira." A tsakiya akwai allo mai faɗin farantin abinci, komai a cikinsa yake: esi, rediyo, taswira, sunan wanda za ka ɗauko da ƙofar gidansa, saura nawa a batir da inda za ka sami caji mafi kusa. Da na shiga wayata ke haɗuwa da motar, kira ya shigo ta lasifikokinta, hannuna na kan sitiyari. Ana ma iya yi mata magana ta aikata, sai dai ni da ita ba mu taɓa jituwa a nan ba. In ce ta rage sanyi, ta kunna min waƙar Indiya. Wata safiya na zo na tarar ta sabunta kanta a wurin caji, ta kwashe madannin esi daga inda na sani ta kai shi wani lungu, na yi ta lalube kamar baƙo a ɗakin girkin mutane.

A kan titi kuma tana da nata ra'ayin. Ka matsa kusa da layi ba ka sa sigina ba, sitiyari ya ja hannunka ya mayar da kai. Mota na maƙale a gefenka inda madubi ba ya gani, wata 'yar fitila ta kama. Ka saita mata gudu, ta bi motar gaba, ta rage idan an rage. Duk waɗannan na so su, don sun rage min gajiya. Abin da ban so ba shi ne 'yar kyamarar nan da ke bayan sitiyari tana kallon fuskata. Idan idonka ya bar titi ya ɗan jima, ta yi ƙara, allo ya rubuta ka kula da hanya. Idan ta ga kamar barci kake ji, ta nuna maka hoton kofin shayi. Kuma duk abin da ta gani, ofis ya gani. A ƙarshen mako kowane direba yana samun makinsa a waya, kore idan ya yi kyau, ja idan ya ɓaci.

Makina ya yi ta zuwa ja. Ba na gudu, ba na taka birki da ƙarfi, ba na taɓa waya da hannu, amma wai hankalina ba ya kan titi. Na ce da Bitrus ni fa ban gane ba. Ya ce, "Rabu da ita, ba da irin fatarmu aka koya mata kallo ba. Goge mata ido da tsumma." Na goge. Na ɗaga kujera, na sauke kujera, na daina sa hula. Ja dai. Abin da ya fi ba ni haushi, ranar da na yi jigilar matasa masu karaya ko masu zuwa gashin ƙashi, shiru take yi. Na yanke cewa motar tana da ranakun da take tashi da baƙin rai.

A cikin mutanen da nake ɗauka akwai Ustaz Usman, wani dattijo ɗan Sudan da ya yi shekaru yana koyarwa a ƙasar. Dogo ne, siriri, da farin rawani da sanda. Ranar farko da ya ji ina amsa waya da Hausa, sai ya ce daga baya, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Yaro, mutanen gida suna lafiya?" Na kusa sakin sitiyari. Ashe kakarsa Bahaushiya ce, iyayenta suka taso aikin hajji da ƙafa suka yada zango a Sudan, ba su ƙarasa komawa ba. Hausarsa ta tsofaffi ce, ta tsaya inda kakarsa ta bar ta. Yana son magana, ni kuma ina son jin sa, don idan ya yi gyaran murya sai in ji kamar ina ƙofar gidanmu bayan la'asar. Kuma duk ranar da na ɗauke shi, kyamara ba ta barin mu sakat.

Wata rana da hantsi na sauke shi a asibiti, ina komawa ni kaɗai a babban titi, allo ya nuna saƙon murya daga Hauwa. Na taɓa madannin da ke jikin sitiyari. Muryar Baba ta cika motar, ta lasifikar gaba da ta baya da ta cikin ƙofofi, kamar yana tsaye a kaina. Yana tambaya ko ana samun masallaci kusa da wurin aiki. Abin da na sani kawai shi ne bel ɗin kujera ya shaƙe ni a ƙirji, motar ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ta dafe a wuri ɗaya. Da na ɗago, bayan wata motar ɗaukar kaya ne a gabana, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon tabarma ba. Ƙafata ba ta kan birki. Motar ce ta taka da kanta. Baba kuwa yana ta magana, ya kai ga cewa in gaida wanda ya ba ni masauki.

Washegari aka kira ni ofis. Mai kula da direbobi wata mata ce 'yar Filifin, Madam kawai muke ce mata, ba ta da hayaniya amma ba a yi mata wasa. Ta ce ba ta kira ni don faɗa ba, so take ta gane, don direban da ba ya gudu ba ya waya bai kamata ya yi irin wannan makin ba. Ta tambaye ni ko ina samun barci, ko ina shan wani magani. Na ce lafiyata lau, kyamarar ce ba ta iya kallon baƙin mutum ba. Ta ce wannan yana faruwa, ta sha gani, amma in zo in kalla da idona. Ta juyo min kwamfuta ta kunna bidiyon tare da sauti.

Ga ni nan a allo, ido a kan titi, lafiya ƙalau. Sai muryar Ustaz Usman ta ce, "Yaro." Nan take kaina ya yi ƙasa, idona ya sauka kan cinyata, na ce, "Na'am, Ustaz." Ina nan a sunkuye har ya gama jimlarsa. Ta kunna wani, wata tsohuwa Balarabiya tana tambayata ƙarfe nawa, ga kaina a ƙasa. Ta kunna na jiya. Muryar Baba tana fitowa na ga kafaɗuna sun rusuna, haɓata ta kusa taɓa ƙirji, mota tana tafiya da ni a babban titi. Wallahi ban san ina yi ba. Da wani ne ya faɗa min da baki, da na rantse ƙarya yake.

Madam ta ce, "Me kake nema a ƙasa?" Na ce ba komai, a wurinmu babba ba ya magana yaro yana zare masa ido, haka aka tashe mu. Sai ta ce su ma a garinsu idan yaro ya ga tsoho yakan kama hannunsa ya ɗora a goshi, har yau idan ta je gida tana yi wa kakarta. "Amma ba na yi ina tuƙi," in ji ta. Ta ce za ta ba ni zuwa ƙarshen gwaji. Idan makin bai gyaru ba babu abin da za ta iya yi, don mutanen da muke ɗauka ba su da ƙarfin jure ko ƙaramin karo.

Na fito raina a jagule. Motar ta fi ni gaskiya, da ba ta taka birkin nan ba da yanzu wani labarin ake yi. Amma abin da ake so in cire daga jikina shi ne abu ɗaya tak da Baba ya ce kada in dawo babu shi. Bitrus ya ce, "To ka ajiye shi a ɗaki idan za ka fita, ka ɗauka idan ka dawo." Na ce masa ba hula ba ce. Ya ce shi ma ya sani, babansa har yau ba a zama a kujera yana tsaye, amma yunwa ma ba hula ba ce.

Ustaz Usman na faɗa wa, don na ga ya lura na daina amsa hirarsa. Dabarar da na fara yi ke nan, in yi gum kamar kurma. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Kai kana sunkuya min, ni ina bayanka, ban ma gani ba. Raina kuwa yana can gaba a kan titi, ka bar shi babu mai kallo. Idan girmama ni za ka yi, kalli inda raina yake." Daga ranar ya ɗauki abin kamar aji. Da mun hau titi zai fara magana da gangan, labarin kakarsa, labarin ɗalibansa, yana kirana "yaro" a tsakiyar zance ba zato. Da ya ga ƙeyata ta motsa sai ya ƙwanƙwasa bayan kujerata da sanda. "Ɗaga." Ko ranar da aka wanke masa ƙoda ya fito jiki babu ƙarfi, murya a dushe, ba ya fasawa. Ya ce in mayar da ladabin cikin baki, in ja "na'am" ɗin ta yi taushi, kunne yana jin rusunawa kamar yadda ido ke gani.

Na Ustaz ya zo da sauƙi a kan na Baba. Idan na kai mota caji, ina zaune ina jiran batir ya cika, sai in kunna tsofaffin saƙonninsa ta lasifika in kafa wa gilashin gaba ido. Farkon yi wuyana har ciwo yake, kamar ana danna shi da hannu ina turjewa. Kunya ta kama ni ni kaɗai a cikin mota, ina jin kamar na tsallake Baba yana salla. Na fi jin nauyin saƙon farko, wanda yake cewa kada in kawo masa wannan gidansa, shi kuma na fi maimaitawa. A hankali kyamara ta rage ƙara. Maki ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa, ya koma kore. Ranar da gwaji ya ƙare Madam ta miƙo min sabuwar riga mai sunana a ƙirji, Bitrus ya buɗe kukarsa ba ranar Juma'a ba.

Ban faɗa wa Baba komai ba. Na yi aikina, na yi ta jigilar tsofaffi, har lokacin hutuna na farko ya zo. Ustaz ya ba ni dabino ya ce in kai wa mahaifina. A cikin jirgi babu abin da nake yi sai bitar yadda zan shiga gida: in cire takalmi, in durƙusa, in kalli ƙafafunsa, kada in ɗago har ya sallame ni. Abin da na yi shekaru ina yi ba tunani, yanzu shi nake haddacewa.

Na isa Unguwar Kanawa bayan la'asar. Baba yana kan tabarmarsa a tsakar gida, rediyo a gefe. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa. Ga farcen nan da ya tsage, ga silifas ɗin, sai dai an canza masa sabo. Komai yana tafiya daidai. Hauwa ta taho da ruwa a kofi. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Kai wannan yaron, an iso lafiya?"

Muryar nan da na yi ta koyon ɗaga kai idan na ji ta. Kafin in ankara wuyana ya miƙe da kansa, na ce "Na'am, Baba," idona a cikin nasa.

Hauwa ta tsaya da kofi a hannu. Ni kuma na kasa komawa ƙasa, na daskare. A karon farko na ga fuskar mahaifina daga kusa. Gemunsa ya yi fari har gefen kunne, akwai wani ɗan tabo a girarsa ta dama da ban taɓa sanin yana da shi ba, kuma ya tsufa fiye da muryarsa. Na ce a raina shi ke nan, na riƙe aiki na zubar da abin da aka aike ni in riƙe. Na buɗe baki zan fara bayanin mota da kyamara da Ustaz, kaina yana komawa ƙasa.

Ya ɗaga hannu. "Tsaya haka."

Na tsaya. Ya miƙa hannu ya rage rediyo. Ya daɗe yana kallona, ba irin kallon faɗa ba, irin wanda mutum ke yi wa abin da ya jima yana nema a ɗaki. Leɓensa ya ɗan motsa kafin magana ta fito.

"Ashe idonta ne da kai," in ji shi.

Bai faɗi sunanta ba, ba a kuma buƙatar ya faɗa. Hauwa ta ajiye kofin a hankali ta koma ɗaki. Ni da Baba muka zauna a haka, ledar dabinon Ustaz tana tsakaninmu ban ko miƙa ba. Shi ne ya fara sunkuyar da kai.